Kanar Shittu Alao da jirgin koyon tuƙi da aka kai yaƙi

Yau ina so mu waiwayi tarihin wani matuƙin jirgin sama da jirgin da ya yi ajalinsa, domin labarin ya shafi irinmu da aka haifa a Potiskum alhali iyayenmu fatauci ne ya kawo su daga Kano ko Katsina.

Sunan jirgin L-29 Delfin. Kamfanin Aero na ƙasar Cekoslobakiya ne ya ƙera shi, ya fara tashi a 1959, kuma an ƙera sama da guda 3,000. Injinsa ɗaya, kujerunsa biyu, ɗalibi a gaba malami a baya. Wato dai an yi shi ne don koyar da tuƙi, shi ya sa Tarayyar Sobiyet da yawancin ƙawayenta suka riƙe shi a makarantun sojan sama.

To me ya kai jirgin makaranta fagen fama? Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, rundunar sojan saman Nijeriya jaririya ce, don a 1964 aka kafa ta, Jamusawan da suka rene ta kuma sun tattara sun tafi a 1966. Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya wajen Sobiyet. A watan Agusta na 1967 aka sauke jiragen MiG a filin jirgin Kano, aka kuma samo L-29 daga Cekoslobakiya. Da babu gara ba daɗi, sai aka ɗaura wa jirgin koyo makamai aka tura shi yaƙi. Matuƙa 'yan ƙasa ba su da yawa, har sai da aka ɗauko Misirawa su tuƙa wasu jiragen.

A cikin wannan hali Shittu Alao ya karɓi shugabancin rundunar a 1967. Bayerabe ne, amma a Dorowa Babuje ta ƙasar Filato aka haife shi a 1937. Sojan ƙasa ya fara shiga, daga baya aka mayar da shi sojan sama, ya yi horo a Jamus. Duk da muƙaminsa bai daina tuƙi da hannunsa ba.

Ranar 15 ga Oktoba, 1969, ya tashi shi kaɗai cikin L-29. Yanayin sama ya ɓaci, mai kuma ya ƙare masa, sai ya yi ƙoƙarin saukar gaggawa a Uzebba, wani gari da ke jihar Edo a yanzu. Jirgin ya faɗi, ya rasu yana da shekara 32. Ba harbo shi aka yi ba. Wata uku cif bayan haka, ranar 15 ga Janairu, 1970, yaƙin ya ƙare. Emmanuel Ikwue ne ya gaje shi, kuma barikin soja na Keffi sunansa yake ɗauke da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin haihuwarsa. Ɗan baƙi ne kamarmu, an haife shi nesa da garin kakanninsa, ya mutu a wata ƙasar daban yana aikin haɗa kan Nijeriya. Mu kuma har yau idan an zo neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa sai an tambaye mu garin kakanninmu. Da jirgin nan ya tashi da shi, ba wanda ya tambaye shi wannan takarda.

Ina roƙon matasanmu, duk mai tsoho a gida da ya ga zamanin yaƙin, ya zauna da shi ya rubuta abin da ya sani tun yana raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.