Turancin da Ingila ta Jingine, Fakku ta Riƙe

Idan mutumin Fakku ya ce maka ba shi da ko sisi, kai da shi kun san talauci yake nufi, amma in ba dattijo ba ne, bai taɓa kashe sisi a kasuwa ba. Kalmar ta fi shekara hamsin ba ta da tsabar kuɗin da take wakilta, ga ta nan daram a bakinmu. Irinta suna da yawa a ƙasar Kebbe da Tambuwal, kuma kowace tana ɗauke da guntun tarihin yadda aka mulke mu bayan Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903.

Sisi daga sixpence yake, wato kwabo shida na zamanin Turawa. Nai kwabo tara ne, daga ninepence. Sule shi ne shilling, kwabo goma sha biyu, sule ashirin kuma su ba da fam ɗaya, wato pound. Shi kansa kwabo asalinsa copper ne, sunan da Turawa ke kiran ƙananan kuɗinsu na jan ƙarfe. Kwabon da aka buga wa Afirka ta Yamma yana da huji a tsakiya da rubutun Larabci a jikinsa, haka ma anini, wanda sai an tara goma suke yin kwabo ɗaya. Ingila ta bar lissafin sule a Fabrairun 1971. Najeriya ta fito da naira ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Abin da ya fi burge ni shi ne gwamnati ba ta nemo sabon suna ga ƙaramin kuɗin ba. Kwabon nan da bakin jama'a ya riga ya sarrafa ta ɗauka ta buga a jikin tsaba. Yau yaron Landan bai san lissafin sule ba, amma tsohuwa a Kuchi ko Margai za ta gaya maka sule nawa aka sayi turmin atamfar aurenta. Dala kuma, wadda ta kasance sule biyu a nan, in ka haura Maraɗi za ka tarar tana nufin tamma biyar na sefa, da ita ake ƙirga kuɗi har gobe.

Sai kalmomin mulki. En'e haruffa biyu ne kawai, N da A, taƙaicen Native Authority, hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin Sarkin Musulmi, mai baitulmali da 'yan doka da gidan yari, mai karɓar haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai. Di'o ma haruffa ne, D da O, jami'in da ke fita rangadi yana duba littattafan haraji. A samansa akwai Razdan, wato Resident, mai riƙe da Lardin Sakkwato baki ɗaya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe wancan babi, amma dattijai ba su daina cewa "zamanin En'e" ba idan za su auna jiya da yau.

Wadda ta fi kowace nisan tafiya ita ce bariki. A Turanci barracks mazaunin soja ne, ba ƙari. Da ta shigo Hausa sai ta zama masaukin da ake gina wa Bature a bayan gari don ya kwana in ya zo rangadi, sannan unguwar Turawa da ma'aikatansu. Su wane ne ke zama a can? Kuku da boyi da masinja da lebura, mutanen da suka bar gaban iyaye da idon dangi suna cin albashi. Daga nan aka sami ɗan bariki da barikanci da zaman bariki. Kalmar ta tashi daga sunan gini ta koma hukuncin da ƙauye ya yanke wa sabuwar rayuwar da mulkin mallaka ya kawo. Wanda ya nemi wannan ma'ana a ƙamus ɗin Turanci zai dawo hannu rabbana, domin Bahaushe ne ya ƙera ta.

Ma'aunai ma sun sauya fata. Yadi tsawo ne da bai kai mita ɗaya ba, amma a wurin tela yanzu sunan tufar ne kanta. Galan ma'auni ne na lita huɗu da rabi, mu kuwa robar muke kira galan ko nawa take ci. Manomi yana faɗin gonarsa da eka, direban hanyar Sakkwato zuwa Jega yana tuna nisa da mil, ko da yake hukuma ta koma hekta da kilomita. A rumfar makaniki kuwa fulogi da fistin da salansa da birki ba sa bukatar tafinta, ko a wurin yaron da bai taɓa shiga aji ba.

Ban yarda da masu cewa waɗannan gurɓataccen Turanci ne ba. Hausa ce, tana da jam'inta: sulalla, leburori, fursunoni. Damuwata ita ce masu iya bayanin tsoffin kuɗi irin su taro da ahu da nai daga abin da hannunsu ya riƙe suna ƙarewa. Bature Bargery ya tattara nasa ƙamus na Hausa a 1934, lokacin da kalmomin ke ɗanye. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da malaman makarantun Kebbe da Tambuwal, ku ɗauki waya da littafi ku zauna gaban dattijan Fakku, ku naɗi yadda suke furta su da abin da suke nufi da su, tun suna nan.