Waya da intanet ga naƙasassu: abin da ake nufi da sauƙaƙa amfani, da inda matsalar take

Sauƙaƙa amfani da na'ura, abin da ake kira accessibilité numérique da Faransanci, shi ne a ƙera waya, manhaja ko shafin intanet ta yadda makaho, kurma, mai raunin hannu ko wanda karatu ke yi wa wuya zai yi amfani da su da kansa, ba sai ya miƙa wa wani ba. Batun ya ƙara nauyi tun da aika kuɗi, duba sakamakon jarrabawa, neman aiki da sanarwar hukuma suka koma cikin waya. Makahon da ba ya iya karanta saƙon kuɗin da aka aiko masa dole ya nemi yaro ko mai shago ya karanta masa, wani lokaci har ya faɗa masa lambar sirrinsa. Abin da yake rasawa a nan shi ne sirrinsa, kuma yana iya rasa kuɗinsa.

Mafi yawan kayan aikin da ake buƙata suna cikin wayoyin zamani tun daga masana'anta, kuma kyauta ne. Cikas ɗin ya fi zuwa daga wurare biyu: yadda ake gina manhajoji da shafuka, da kuma harshen da na'urar ke magana da shi.

Su wa abin ya shafa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 cewa mutum miliyar 1 da miliyan 300, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, na rayuwa da wata naƙasa mai tsanani. Hukumar ta ce aƙalla mutum miliyar 2 da miliyan 200 na da raunin gani, kuma kimanin miliyan 430 na da raunin ji da ke buƙatar kulawa. A Nijar, ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna naƙasassu sun kai kashi 4.2 cikin 100, wato sama da mutum dubu 700.

Sanadin naƙasa a yankin Sahel sananne ne. Yanar ido da hawan jinin ido na makantarwa, sanƙarau na barin yara da kurumta, shan inna da hatsarin babur na gurguntarwa, kuturta kuma na cinye ƴan yatsu. Amma amfanin sauƙaƙawa bai tsaya kan waɗannan ba. Dattijon da idonsa ya yi rauni, mai karayar hannu, ɗan kasuwar da ke duba waya cikin rana tsaka, da wanda bai yi karatun boko ba, duk suna cin moriyar manyan haruffa, launi mai fitowa sarai da saƙon murya.

Abin da ke cikin waya

Ga makafi, babban kayan aiki shi ne manhajar karanta allo, wadda ke furta duk abin da ke fuskar waya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver, kuma duka biyun sun shigo wayoyi a shekarar 2009. Idan aka kunna ta, yadda ake taɓa waya yakan sauya. Taɓawa sau ɗaya na sa wayar ta faɗi sunan abin da yatsa ya sauka a kai, jan yatsa zuwa dama na kai mutum ga abu na gaba, taɓawa sau biyu da sauri kuma ita ce ke buɗewa. Shi ya sa wanda ya kunna ta bisa kuskure yakan zaci wayarsa ta lalace, har ya kai ta wurin mai gyara. A wayar da aka saita da Faransanci ana samun ta a Paramètres, cikin sashen Accessibilité, kuma a Android da yawa ana iya saita ta yadda danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa 3 zai kunna ta ko ya kashe ta.

A kwamfuta, JAWS ta daɗe tana wannan aiki tun 1995, amma ana sayen ta da tsada. A 2006 wani makaho ɗan Ostiraliya, Michael Curran, ya fara NVDA, daga baya James Teh, shi ma makaho, ya haɗa hannu da shi. Kyauta ake sauke ta, kuma tana magana da Faransanci. Akwai kuma manhajojin da ke amfani da kyamarar waya: Seeing AI na Microsoft da Lookout na Google na karanta rubutun da ke kan takarda ko kwalin magani, Be My Eyes kuwa, wadda ta fito a 2015, tana haɗa makaho da mai sa kai ta kiran bidiyo domin ya duba masa abin da ke gabansa.

Mai raunin gani da bai makance ba yana iya ƙara girman haruffa, ya kunna madubin ƙara girma, ko ya juya launi ya zama farin rubutu a kan baƙi. Ga kurame akwai girgizar waya da walƙiyar fitila a madadin ƙararrawa, rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo, da kiran bidiyo da ke ba su damar yin maganar hannu daga nesa. Manhajar Live Transcribe, wadda Google ya fitar a 2019, tana maida maganar da ake yi a gaban mutum rubutu nan take. Wanda hannunsa ke rawa ko ya rasa yatsu yana iya ba waya umarni da murya, ko ya ƙara tsawon lokacin da za ta jira kafin ta ɗauki taɓawa. Ko ƙaramar waya mai maɓallai tana da nata tanadi: ɗan ƙullutun da ke kan lamba 5 an sa shi ne domin yatsa ya gane tsakiyar maɓallan ba tare da an duba ba.

Inda ake tuntuɓe

Manhajar karanta allo ta fi dogara da rubutu, hoto kuwa ba kasafai take gane shi daidai ba. Idan mai gina manhaja ya sa hoton kibiya a matsayin maɓallin aika kuɗi bai ba shi suna a ɓoye ba, abin da makaho zai ji shi ne “maɓalli”, ba tare da ya san ko na aikawa ne ko na sokewa ba. Haka ma sanarwar da aka buga a takarda, aka ɗauki hotonta aka watsa a Facebook ko WhatsApp, kamar yadda ake yawan yi da sanarwar aiki, jadawalin jarrabawa ko gargaɗin ambaliya. Ga mai ido takarda ce, ga manhajar karanta allo kuwa hoto ne, sai an bi ta fasahar da ke ciro rubutu daga hoto, wadda ita ma takan yi kuskure idan hoton bai fito da kyau ba.

Sauran matsalolin da aka fi sani sun haɗa da rubutu mai launin toka a kan fari, gwajin da ke cewa a kwafi karkatattun haruffa domin tabbatar da cewa mutum ne, bidiyo marar rubutu a ƙasa, da ƙananan maɓallai da suka matse juna. Akwai kuma ƙurewar lokaci. Lambobin tauraro da ake bugawa domin aika kuɗi ko sayen kiredi sukan yanke idan aka yi jinkirin amsawa, alhali mai sauraren zaɓi ɗaya bayan ɗaya ya fi mai gani buƙatar lokaci. Saƙon murya, wanda ya zama babbar hanyar sadarwa a garuruwan Hausa, alheri ne ga makaho da wanda bai iya karatu ba, amma kurman da ke cikin zauren WhatsApp na dangi ba ya samun komai daga gare shi.

Matsalar ba ta Afirka kaɗai ba ce. Cibiyar WebAIM ta Amurka, wadda ke binciken shafukan farko na manyan shafukan intanet miliyan 1 kowace shekara tun 2019, tana samun kura-kurai a kimanin kashi 95 cikin 100 nasu. Wanda ya fi yawa shi ne rubutun da bai fito sarai ba.

Ƙa'idojin WCAG

Ma'aunin da duniya ta fi amfani da shi shi ne WCAG, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ke fitarwa. Bugu na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018 wanda ya ƙara kula da wayoyin hannu, sai na 2.2 a watan Oktoban 2023. An gina shi a kan ginshiƙai huɗu: abin da ke shafi ya kasance ana iya riskar sa ta ido, kunne ko taɓawa, ana iya sarrafa shi, ana iya fahimtar sa, kuma ya yi aiki da na'urori iri-iri, har da na taimakon naƙasassu. Yana da mataki uku, A, AA da AAA, kuma dokoki sun fi neman na tsakiya.

Ƙa'idojin na da ma'auni takamaimai. Bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Rubutu ya iya girma har ninki biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba. Kada wani abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa guda, saboda masu farfaɗiya. Kowane hoto mai ɗauke da bayani ya samu gajeren rubutun da ke bayyana shi. Duk abin da ake yi da linzamin kwamfuta ya yiwu da maɓallai kaɗai. Kada launi shi kaɗai ya zama alama, domin akwai masu rikita ja da kore.

Abin da doka ta ce

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin naƙasassu ranar 13 ga Disamban 2006, ta fara aiki a watan Mayun 2008. Sashe na 9 ya ɗora wa ƙasashe nauyin buɗe wa naƙasassu hanyar fasahar sadarwa, har da intanet, sashe na 21 kuma ya yi magana kan samun bayanai ta hanyar da ta dace da su, kamar rubutun makafi na Braille da maganar hannu. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar a watan Yunin 2008, Najeriya a 2010. A cikin gida, Nijar na da dokar 2019-62 ta ranar 10 ga Disamban 2019 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin al'umma, kuma ƙungiyoyinsu na haɗe a ƙarƙashin tarayyar FNPH.

Wasu ƙasashe sun mayar da ƙa'idojin WCAG wajibi. Faransa ta ɗora wannan nauyi a kan shafukan hukuma tun dokar 11 ga Fabrairun 2005, kuma tana da nata kundin awo mai suna RGAA, wanda ke da amfani ga masu gina shafuka a Nijar tun da da Faransanci yake. Tarayyar Turai kuma, daga ranar 28 ga Yunin 2025, ta faɗaɗa wajibcin zuwa bankuna, kasuwancin intanet, kamfanonin sadarwa da wayoyin da ake sayarwa a can.

Matsalar harshe

Muryoyin da ke zuwa da waya sun fi ƙwarewa a Faransanci, Ingilishi da Larabci. Makahon da ya bi ta makarantar makafi, kamar ta Soli Abdourahamane da ke Yamai, yana iya bin muryar Faransanci, amma makafi da yawa Hausa ko Zabarmanci kaɗai suke ji. Idan muryar Faransanci ta karanta saƙon Hausa, da ƙa'idar Faransanci take furta shi, sai kalmomi su fito a karkace, haruffa masu ƙugiya irin su ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kuma su ƙara rikita ta.

Koya wa na'ura furta Hausa na da wahalarsa, domin rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar “gari” a rubuce na iya zama wurin zama ko abin da ake tuƙa tuwo da shi, kuma ma'anar jimla ce kaɗai ke rarrabewa. Google Translate ya saka Hausa tun 2013, shirin Common Voice na Mozilla kuma yana tattara muryoyin masu sa kai da Hausa, waɗanda masu gina manhajar gane magana ke iya amfani da su kyauta. Mai gina shafi na da nasa ƙaramin aiki: ya sa alamar harshe a cikin shafin, “ha” ga Hausa, “fr” ga Faransanci, domin na'ura ta san muryar da ta dace.

Kurame ma na da tasu matsalar harshe. Maganar hannu ta Hausa harshe ne mai zaman kansa, wanda masaniyar harsuna Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa littafi a 2000. Ya bambanta da wanda ake koyarwa a makarantun kurame da yawa na yammacin Afirka, mai tushe a maganar hannun Amurka da Andrew Foster ya yaɗa daga 1957. Kurman da bai yi makaranta ba, rubutun ƙasan bidiyo ba zai amfane shi ba, sai tafinta da ke magana da hannun da ya sani.

Matakan da ba su da tsada

Ma'aikata, ƙungiya ko gidan jarida da ke watsa hoton sanarwa na iya rubuta abin da ke ciki a ƙasansa, su kuma haɗa da saƙon murya na Hausa. Facebook da X duka suna da wurin rubuta bayanin hoto kafin a wallafa. Mai aika murya a zauren da akwai kurma na iya bin ta da layi biyu a rubuce. Masu sayar da waya da masu gyara, waɗanda su ne na farko da jama'a ke tambaya, na iya koyon sashen Accessibilité su nuna wa mai saye.

Ga masu gina manhaja, gwajin farko mai sauƙi ne: a kunna TalkBack, a daina kallon allo, a gwada aika kuɗi ko cike fom daga farko har ƙarshe. Manhajojin bincike na gano wani kaso ne kawai na kura-kurai, don haka gwajin da ya fi inganci shi ne a gayyaci makafi, kurame da masu raunin hannu su yi amfani da manhajar tun ana gina ta, a kuma biya su ladan aikinsu. Gyara a wannan mataki ya fi araha a kan sake ginin manhajar bayan ta shiga hannun jama'a.