Daga Zangon Fatake Zuwa Fiverr: Tarihin Amana a Cinikin Nesa

A shekarar 2017 wani mutum da ke zaune a Turai ya cinye mini kuɗin aikin wata biyu. Mun haɗu ne a ɗaya daga cikin kasuwannin intanet da ake ɗaukar jingar aiki. Na gina masa ƙaramar manhaja, ya biya, muka rabu lafiya. Da zai ba ni aiki na biyu sai ya ce mu bar kasuwar mu koma imel, tun da la'adar da take cira ta yi yawa, rarar sai mu raba. Na yarda. Na yi wata biyu ina kwana gaban kwamfuta a ɗakina da ke Ƙofar Ƙaura, ina ƙona man janareta, na miƙa aiki. Tun daga ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Da na ba kawuna labari, wanda ya yi shekaru yana kai shanu Kudu, ko kaɗan bai tausaya mini ba. Ya ce, "Kai yaro, wa ya gaya maka ana sauka garin da ba ka da mai masauki? Ka tsallake mai gida don gudun la'ada, ai kuwa ka biya da uwar kuɗi." Maganar nan tasa ce ta mai da ni karatun tarihin fatauci. A nan na ga cewa matsalar da ta kayar da ni tsohuwa ce a garin nan: yaya za ka yi ciniki da wanda ba ka sani ba, wanda ke nesa, wanda alƙalinka ba shi da iko a kansa?

A ƙarni na 17 da na 18, Katsina ce babbar mashigar ayarin Sahara a ƙasar Hausa. Raƙuma na tasowa daga Tarabulus da Gadamas, su biyo ta Agadas su sauke kaya a nan: takarda, yadi, jan ƙarfe, gishiri. Su koma da jemammun fatu da rinannun tufafi, da kuma bayi, wanda shi ne baƙin shafin wannan ciniki. Wangarawa daga yamma sun zauna a birnin suna haɗa kasuwanci da malanta. Ilimin garin ma ya yi nisa. Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi wanda ya yi rubutu kan tsara lambobi a gidajen hatimi, a Alƙahira ya rasu a 1741. Shi sai da ya taka da ƙafarsa kafin lissafinsa ya isa Masar. Ni ina zaune a ɗaki nawa yake tafiya.

Wannan ciniki ba a kan sa'a ya tsaya ba, tsari gare shi. Ayari yana da madugu, wanda ya san hanya da rijiyoyi, shi ke sasantawa da sarakuna kan kuɗin wucewa. In an isa gari a sauka a zango. A nan baƙo zai nemi mai gida, wanda wasu ke kira fatoma. Mai gida zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa. In aka sayar da kaya bashi, mai gida ne ke tsayawa. Idan mai saye ya gudu, shi zai biya, ko kuwa sunansa ya ɓaci daga nan har Gwanja, ƙasar goro. Ladan wannan tsayuwa ita ce la'ada.

Tsarin bai mutu da raƙuma ba. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa nan kusa da mu tana bincike, ta yi rubutu a 1966 kan masu gida da dillalai a Kumasi. Abner Cohen kuma ya fitar da littafi a 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, inda ya nuna yadda ake ba mahauta Yarbawa shanu bashi ba tare da takarda ba, don kawai mai gida ya san kowane mahauci da halinsa na biya. Irin wannan gidan kawuna ke sauka.

Akwai darasi na biyu a tarihin Katsina, kuma ya fi ɗaci. Hanya tana ƙaura. Bayan jihadi, birnin ya faɗa hannun Malam Ummarun Dallaje a 1807, tsoffin sarakuna suka yi arewa har suka kafu a Maraɗi, aka shiga shekaru na yaƙi tsakanin ɓangarorin biyu. Fatake ba su son hanyar da ake kai hari, sai suka karkata Kano. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Katsina a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗi amma yawancin cikinta gonaki ne da kangaye. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya baya ga Sahara ya fuskanci teku. Reshen dogo ya bi ta Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda, bai shigo birnin Katsina ba. Sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta nan. Ba hannun majema ko marina ne ya lalace ba. Hanya ce ta bar su.

Sabuwar hanya ta zo ta iska. A watan Agusta na 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Najeriya, lokacin da layi ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. A 2010 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, Main One da Glo-1, suka fara aiki a Legas, data ta fara sauƙi. A can waje kuwa an riga an kafa zanguna. Elance ta fara a ƙarshen shekarun 1990 a Amurka, oDesk ta biyo a 2003. A ƙarshen 2013 suka sanar da haɗewa, a 2015 suka ɗauki sunan Upwork. Fiverr ta buɗe a 2010, kuma sunanta ya samo asali ne daga dala 5, farashin da kowane aiki ke farawa da shi a lokacin.

Duk wanda ya san zango zai gane su nan take. Mai ba da aiki yana zuba kuɗi a hannun kasuwa tun kafin a fara, ba za a sakar wa mai jinga ba sai ya miƙa aiki. Wannan ajiyar mai gida ce. Taurarin da ake ba ka bayan kowane aiki su ne shaidar da dillalai ke yi wa baƙo. In rigima ta tashi, kasuwa ke raba gardama. Sannan ga la'ada: Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 na abin da mai aiki ya samu. Da na fara ina ganin zalunci ne. Bayan abin da ya same ni a 2017 na daina ƙorafi.

Sai dai ɗan Katsina bai shiga wannan zango da ƙafar dama ba. Na farko, suna. Kafin mu iso, lamba 419, wato sashen dokar Najeriya da ya hukunta zamba, ta riga ta zama sunan da duniya ke kiranmu da shi. Laifin wasu ne, amma kowa ke biya. Za ka rubuta tayin aiki mai kyau, mai aiki ya ga tutar ƙasarka ya wuce. Na biyu, hanyar kuɗi. Da PayPal ta buɗe wa Najeriya ƙofa a 2014, turawa kawai aka yarda mana, ban da karɓa, kuma aka yi shekaru a haka. Da yawanmu ta Payoneer da asusun dala na banki muka rayu. Wasu suka koma kuɗin kirifto, sai Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da shi a Fabrairun 2021, bai janye ba sai Disamban 2023. Na uku, tsaro. A Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Wanda ke ɗaukar jinga daga Funtuwa ko Dutsin-Ma sai ya nemi inda sabis yake, ko ya rasa mai aikinsa. Shekara 200 bayan yaƙin Maraɗi, rashin tsaro ya sake datse mana hanya.

Duk da haka ana samu. Tun da aka saki farashin Naira a Yunin 2023, dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, aikin dala 100 ya zama abin da ke riƙe gida. Harshenmu ma ya zama haja. Google Translate ta saka Hausa a Disamban 2013, kuma yau ana neman masu fassara, masu rubuta abin da aka faɗa a murya, da masu duba amsoshin ƙirƙirarriyar basira da Hausa. Na san matan aure da ke wannan aiki daga ɗakunansu, kamar yadda kakanninsu ke kaɗi da saƙa a cikin gida a kai musu kasuwa.

Amma akwai inda mai gidan yau ya bambanta da na da, kuma nan ne haɗarin yake. Mai gidan Sabo ya san ka, ya san mahaifinka. In kun saɓa ka koma gidan maƙwabcinsa, sunanka na biye da kai, don yana bakin mutane. Taurarin intanet kuwa ba naka ba ne, na kasuwa ne. Wani ƙanena a sana'a ya yi shekara uku yana tara su a wata kasuwa, rana ɗaya ya tashi ya tarar an rufe shafinsa. Bai samu wanda zai yi wa magana ba sai saƙon na'ura. Ya koma wata kasuwar ya fara daga farko kamar bai taɓa aiki ba. Hanyar ma tana iya sake ƙaura. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, ƙananan ayyukan rubutu da fassara da ake biyan dala 5 ko 10 na'ura ta fara yin su cikin daƙiƙu.

Ga abin da nake gaya wa ƙannena masu shigowa. Da baƙon da ba ka sani ba, kada ka tsallake mai gida, biya la'ada ka kwana lafiya. Kada ka sayi shafin wani ko ka yi ƙaryar ƙasarka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ka bar kuɗinka su kwana a asusun kasuwa. Ka tara shaidar aikinka a wurin da kai ke da mabuɗinsa, kamar shafinka na kanka ko GitHub. Ka koyi abin da ya fi ƙarfin dala 5. Sannan ka nemi 'yan ayarinka a gari, waɗanda za su tsaya maka da baki in na'ura ta manta da kai.

Kawuna ya daina zuwa Kudu, ƙafa ta gaza. Amma har yanzu in na je gaishe shi ranar Juma'a, bayan mun gaisa tambayarsa ɗaya ce: "Wannan karon a gidan wa ka sauka?"