Kowane Kiɗa Da Mai Shi

A ƙasar Hausa ta da, makaho ma yana iya gaya maka abin da ke gudana a gari ba tare da ya tambayi kowa ba. In kalangu ya tashi daga bakin kasuwa, ya san Sarkin Pawa ya kayar da sa. In dundufa ce, maƙera ke da sha'ani. Gangar noma samari take kira zuwa gayya, garaya ta maharba ce da 'yan bori, shantu na matan cikin gida ne, kakaki da tambari kuwa ba mai taɓa su sai da izinin sarki. Kowane abin kiɗa shaida ne na sana'a, ko na asali, ko na mulki, kuma wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba sai ya ji a jikinsa.

Na fada ne aka fi rubuta labarinsu, domin marubutan da sarakuna suke bi. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, wani ɗan sarki da ake kira Dagaci ya zo daga Barno da dawakai da ganguna da tutoci da kayan busa. Bayan haka sai Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, wanda littafin ya jingina masa shigo da kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Abin lura shi ne inda marubucin ya ajiye kakaki: a jeri ɗaya da ginin fada da kafa kasuwar Kurmi. A wurinsa busa wani sashe ne na gina mulki. Da aka zo zamanin Kutumbi, daga 1623 zuwa 1648, abin ya kai maƙura, don littafin ya ce in zai fita yaƙi ko hawan Sallah, dawakin zage 100 ke tare da shi, da kakaki 25 da tambura 50. Abokin gaba da ya ji wannan rugugi daga nesa ya riga ya san ƙarfin wanda zai tara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai busa kakaki a ƙofar fada ya san ba wasa ba ne. Dogon bututu ne na ƙarfe, ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, gaɓa biyu ake haɗawa. Mabushin zai ɗaga shi sama da hannu ɗaya, ya cika kunci, jijiyoyin wuyansa su miƙe, ya saki murya biyu kacal, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Da waɗannan biyun yake kirarin sarki, kuma 'yan gari suna jin maganar sarai. Tambari kuwa ƙaton akushi ne da aka rufe da fatar sa, ranar hawa raƙumi ke ɗaukarsa. A Katsina, Gwauron Tambari yana cikin kayan sarautar da ake gado, tare da takobin nan Gajere. Naɗin sarki ba ya cika a kunnen talakawa sai an buga tambari.

Wannan shi ya sa masu jihadin 1804 ba su ɗauki maganar kiɗa da sauƙi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin ɗabi'un sarakunan da yake suka, amma ya bar ƙofa ga gangar da ake bugawa don tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. Ƙanensa Abdullahi, da ya sauka Kano a shekarun farko na jihadi, ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati cewa ya farfasa kayan wasan da ya tarar, aka mai da kwarangwal ɗin gangunan abin zuba wa dawakai abinci. Sai dai mulki yana son murya. Zuwa zamanin Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon Kano a 1819, an dawo da yawancin al'adun gidan Rumfa, kakaki ya koma bakin aikinsa. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 sun zo da tasu alamar, sandar girma da gwamna ke miƙa wa sarki. Sandar ta zauna har yau, amma ba ta kori tambari ba. Ita ta gwamnati ce, shi kuma na gari.

A cikin fadar ma akwai rabo. Taushi da kotso da jauje na mawaƙan sarauta ne. Ibrahim Narambaɗa da kotso ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, Musa Ɗanƙwairo ma da kotso ya yi waƙoƙinsa, shi kuwa Salihu Jankiɗi da taushi ya zauna a fadar Sarkin Musulmi. Taushi da kotso da hannu ake kaɗa su, ba da makaɗi ba, don kada ƙara ta danne baitin da sarki yake saurare.

Ni dai jikan mahauta ne, saboda haka kalangu na fi sani. Akwai wani tsohon makaɗi da ke zuwa zauren kakana, a nan na ga yadda ake ɗaure shi. Masassaƙi ke fafe icen, ya bar shi da siririn ƙugu da baki biyu. Fatar ɗan tayi ake nema, saboda laushinta, kuma a wurin mahauta ake samunta, ka ga tun daga nan sana'o'in biyu sun ƙulle. Tsohon zai jiƙa fatar, ya ɗinke ta a kan zobe, ya zarga tsarkiya daga wannan baki zuwa wancan, ya ajiye a inuwa. In ya rataya, da hammata yake magana: ya matse tsarkiya murya ta hau, ya sassauta ta sauka. Kowane mahauci a layinmu yana da takensa. Da zarar an kaɗa na kakana, sai ya ajiye wuƙa ya yanko tsoka mai kyau. Na taɓa tambayarsa, "Kaka, me ya sa kullum sai ka ba shi?" Ya ce, "Yaro, uban wannan shi ya kaɗa wa ubana. Ba kyauta nake yi ba, haƙƙinsa ne."

Wanda ya fara tsallake wannan shinge na gado da ƙarfi shi ne Mamman Shata. Bai gaji kiɗa ba, kuma bai zauna a ƙofar kowa ba. Ya ɗauki kalangun mahauta da 'yan dambe ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa da ɗan siyasa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ɗanmaraya Jos ya zo da kuntigi, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya, ya yi wa ɗan amalanke waƙar da manya suka saurara. Barmani Choge ta fito da ƙwaryar amada daga tsakar gida zuwa dandali. Gidan rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, da faifai da kaset, su suka ƙarasa aikin: kotson da a da sai ka je fada za ka ji, ga shi a shagon tela.

Daga ƙarshen shekarun 1990, finafinan Hausa suka kawo fiyano. Yaro ɗaya a ɗakin ɗaukar sauti yana danna maɓalli ya fitar da abin da ya yi kama da kalangu da algaita a lokaci guda. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya, kuma ba na ganin laifin matashin da ya samu hanyar abinci. Abin da ke damuna daban ne. Fiyano yana iya kwaikwayon amon kalangu, amma bai san taken kowa ba, don taken a kan makaɗi yake, shi kuma daga bakin ubansa ya karɓa. Kakaki da tambari suna da fada mai riƙe da su, ba za su ɓace da wuri ba. Dundufar maƙera da gangar noma da kalangun pawa ba su da wannan gata. Tsofaffin da suka san wane take ne na wane gida suna nan a ƙauyuka da tsoffin unguwanni, kuma kowane ɗalibin Hausa yau yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Sassan Hausa na jami'o'inmu su tura su can, kowa ya fara da unguwarsu, ya ɗauko kiɗan tare da sunan gidan da ake kaɗa wa.