Tarihin Farce a Dangin Birai

Bahaushe yakan kira abin da ke bakin yatsan mutum da wanda ke dagin damisa da suna guda, wato farce ko akaifa. Haƙiƙa sinadarinsu ɗaya ne, keratin, amma na damisa lanƙwasasshe ne mai tsini, na biri da na mutum kuwa shimfiɗaɗɗe ne. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan yadda wannan bambanci ya samo asali.

Masana sun nuna cewa magabatan birai ƙananan dabbobi ne masu hawa itatuwa da farata masu tsini, kamar yadda kurege ke yi. A shekarar 2002, Jonathan Bloch da Doug Boyer suka bayyana ƙasusuwan wata dabba, Carpolestes, da aka tono a jihar Wayomin ta Amurka. Ta rayu kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce. Babban yatsan ƙafarta yana da shimfiɗaɗɗen farce, sauran yatsun kuwa suna nan da tsininsu. Ke nan a jikin dabba guda an ga tsohon salo da sabo.

To, me ya sa aka bar makami irin wannan? Farce mai tsini yana da amfani wajen kafewa a jikin kututture mai kauri, amma a siririn reshe, inda 'ya'yan itace da ƙwari suke, damƙa ake bukata. Sai bakin yatsa ya yi faɗi, farce ya zama masa madogara ta baya, riƙo ya yi ƙarfi, jin taɓi ya ƙaru.

Sai dai canjin bai tafi bai ɗaya ba. Lemur na tsibirin Madagaska har yau yana da farcen susa a yatsan ƙafarsa na biyu. Mamoset na Kudancin Amurka, mai maƙalewa a kututture yana cin ƙaro, faratansa sun koma masu tsini, ban da na babban yatsan ƙafa.

Daga ƙarshe, abin lura shi ne, wannan yatsa mai faɗin farce shi ne yake zura zare a allura, yake riƙe alƙalami. Abin da ake gani kamar asarar makami, shi ya buɗe wa hannu hanyar sana'a.