3.2 Wuƙar Buck 110 da Matsalar Gaɓa

Duk wuƙar da ake naɗewa rauninta yana wuri guda ne, wato gaɓar da ruwan wuƙar ya haɗu da ƙota. Idan aka matsa mata da aiki mai nauyi, ruwan yakan naɗo ya datse yatsun mai riƙe da ita. Saboda haka ne maharba a Amurka suka daɗe ba su yarda da ita ba wajen fiɗar dabbar da suka harbo, sai dai wuƙa miƙaƙƙiya mai kube. Wannan matsala ce kamfanin Buck ya sa a gaba.

Asalin kamfanin shi ne Hoyt Buck, wanda ya koyi ƙira a Kansas, ya kuma fara ƙera wuƙaƙe da tsofaffin magagarai a shekarar 1902. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya koma San Diego wurin ɗansa Al Buck, suka ci gaba da sana'ar tare har rasuwarsa a 1949. A shekarar 1963 ne shugabannin kamfanin suka amince a ƙera wuƙa mai naɗewa wadda za ta yi aikin miƙaƙƙiya, aka kuma fitar da ita kasuwa a 1964 da lamba 110.

Dabarar tana bayan ƙotar ne. Akwai wani dogon ƙarfe da ya bi gadon bayanta, an kafe shi da ƙusa a tsakiya, bakinsa kuma yana da ƙugiya. Da zarar an buɗe ruwan, sai ƙugiyar ta faɗa cikin wani gurbi da aka yanka a gindinsa, ta riƙe shi kamar yadda sakata take riƙe ƙofa. Ba zai naɗe ba sai an danna ɗaya ƙarshen ƙarfen da ke kusa da ƙasan ƙota. Tsawon ruwan inci 3¾ ne. An yi wa ƙotar baki da gindi na tagulla, tsakiyarta kuwa baƙin katako ne dangin kanya. Da fari ƙarfen 440C aka yi amfani da shi, wanda yake riƙe kaifi amma yake da wuyar wasawa. Daga baya aka koma 420HC.

Abin lura a nan shi ne, ba Buck ne ya ƙago irin wannan kulle ba, domin maƙeran Solingen ta Jamus sun riga shi, kamar yadda wuƙar Mercator ta nuna. Abin da ya yi shi ne ƙara wa kullen kauri da ƙarfi har maharbi ya saki jiki da shi. Sai dai ƙarfin nan bai zo a banza ba. Nauyin wuƙar ya kai kimanin giram 200, wanda ya fi ƙarfin aljihun wando, shi ya sa ake sayar da ita tare da kuben fata da ake ratayawa a ɗamara. A ganin mai wannan nazari, kiranta wuƙar aljihu suna ne kawai. Kuben da aka so a rabu da shi ya dawo ta bayan gida. Wannan giɓi ne kamfanin Spyderco ya shiga a 1981, inda ya fito da wuƙa mai maƙali da ake saƙalawa a bakin aljihu, da kuma huda a jikin ruwan don a buɗe ta da babban yatsa kaɗai.