Rinin Ƙwayoyin Cuta a Ɗakunan Bincike na Hartum

Rinin ƙwayoyin cuta wani fanni ne na ilmin ɗibbu wanda ake bi don a bayyana halittun da ido ba ya riska sai da madubin likita. Mai bincike yakan shafa majina ko mugunya a kan ɗan gilashi, shafawa mai sauƙi, domin mai kauri ba ta nuna komai, sa'an nan ya bari ta bushe, ya gitta ta kan harshen wuta har ta kama. Bisa ƙa'idar da Hans Christian Gram na Denmark ya shimfiɗa a 1884, akan zuba rini shunayya, a bi da aidin, a wanke da alkohol, daga bisani a sa jan rini, ta yadda ƙwayoyi masu kaurin bango za su riƙe shunayyarsu, sauran kuwa su koma ja. Ƙwayar tarin fuka, saboda maiƙon jikinta, sai rinin Ziehl-Neelsen.

A Hartum, wannan aiki ya kafu a ɗakin binciken Wellcome da ke Kwalejin Gordon, ƙarƙashin Andrew Balfour, shugabansa na farko, kafin a gina ɗakin binciken Stack, wanda ya daɗe yana karɓar samfura daga asibitocin Hartum da Umdurman.